Takardar Nauyi A Ƙofar Babbar Mota: Me Ya Sa Ake Yi Wa Motoci Kiranye Saboda Ita?

A wannan fitowa za mu duba wani ƙaramin abu wanda yawancinmu ba mu taɓa lura da shi ba, ko da yake da manyan motoci ake kawo mana hatsi, taki, siminti da kwanon rufi. Idan aka buɗe ƙofar direban babbar mota, akan ga wata 'yar takarda ko ɗan farantin ƙarfe a liƙe a jikin ginshiƙin ƙofar. Faɗinta bai wuce tafin hannu ba. A kanta ne kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta iyakar nauyin da za ta iya ɗauka.

A ƙasar Amurka, idan aka gano akwai kuskure a lambobin da ke kan wannan takarda, doka tana iya tilasta wa kamfanin ya nemo masu motocin ɗaya bayan ɗaya ya gyara, ko da inji da birki lafiyarsu ƙalau. Wani zai ce, saboda rubutu kawai? Amsar ita ce, direba ba ya iya ganin ƙarfin ƙarfe da ido. Abin da aka rubuta masa shi yake bi. In rubutun ya yi ƙarya, mai gaskiya ma zai yi lodin da ya wuce ƙima ba tare da ya sani ba.

Mene ne kiranye?

Mun saba jin kalmar kiranye a siyasa, wato jama'a su dawo da wakilinsu gida idan ya gaza. Haka yake a harkar motoci. Kamfani yakan kira motocin da ya riga ya sayar domin a gyara wani aibi da ke iya jawo haɗari.

Tushen wannan tsari a Amurka shi ne dokar kiyaye lafiyar motoci ta shekarar 1966, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu. A 1970 aka kafa hukumar da ke lura da aikin, wadda ake kira NHTSA a taƙaice, a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta ƙasar. A 1974 kuma aka ƙara cewa gyaran kyauta ne, kamfani ne zai biya.

Akwai wani abu muhimmi a tsarin Amurka. Gwamnati ba ta gwada kowace irin mota kafin a sa ta kasuwa. Kamfanin ne da kansa yake shaida cewa motarsa ta cika ƙa'idodi, kuma a kan wannan 'yar takarda yake rubuta shaidar. Don haka takardar kamar rantsuwa ce. Hukuma takan sayi motoci ta gwada daga baya, ta kuma saurari koke-koken jama'a, amma tun farko da maganar kamfani aka dogara. Shi ya sa ba a wasa da kuskure a wurin.

Kiranye iri biyu ne. Akwai wanda ake yi domin wani sashe na mota ya lalace ko yana da haɗari. Akwai kuma wanda ake yi domin motar ta saɓa wa wata rubutacciyar ƙa'ida. Kuskuren takardar nauyi yawanci a kashi na biyu yake faɗawa.

Abin da ke rubuce a takardar

A motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka, za a ga sunan kamfani, wata da shekarar da aka ƙera ta, lambar shasi, da kuma waɗannan haruffa guda biyu da ya kamata kowane direba ya gane:

GVWR: iyakar nauyin motar gaba ɗaya idan an yi lodi. Wannan ya haɗa da nauyin motar kanta, mai, direba, yaran mota, fasinja da kaya. Ba nauyin kaya kaɗai ba ne, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa.

GAWR: iyakar nauyin da kowane aksul zai ɗauka. Aksul shi ne ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin mota ya haɗa tayoyin dama da na hagu. Na gaba yana da tasa lamba, na baya ma haka.

Ana rubuta nauyin da kilo da kuma laba, wadda ita ce ma'aunin Amurkawa. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba. Laba 1,000 kusan kilo 454 ke nan. Duk motar da iyakar nauyinta ta wuce laba 10,000, wato kilo 4,536, tana ƙarƙashin wata ƙa'ida mai lamba 120. Wannan ƙa'ida ta ce dole a rubuta girman taya, girman rim, da yawan iskar da za a sa lokacin da tayar take sanyi. Ta kuma ce idan aka haɗa ƙarfin tayoyin da ke kan aksul, kada ya gaza lambar da aka rubuta wa aksul ɗin.

Daga ina lambar take fitowa?

Aksul ba shi kaɗai yake ɗaukar kaya ba. Akwai sifirin, akwai rim, akwai taya, akwai birki, kowanne da iyakarsa. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne yake yanke lambar. Igiyar guga ai daga inda ta fi sirancewa take tsinkewa.

Ga misali. Akwai tayar tirela da aka saba gani a Amurka, mai lamba 11R22.5, wadda wani nau'inta yake ɗaukar laba 6,175, kusan kilo 2,800, idan ita kaɗai ce a gefe kuma an cika mata iska yadda ya kamata. Biyu a gaban mota sun zama kilo 5,600. Idan takarda ta ce aksul na gaba laba 12,000 ne, wato kilo 5,443, komai ya yi daidai. Amma a ce an buga laba 13,200 bisa kuskure, kusan kilo 5,990 ke nan. Direban da ya yi lodi har iyakar takarda ya ɗora wa tayoyinsa na gaba ƙarin kusan kilo 400 a kan abin da aka ƙera su su ɗauka, alhali a ganinsa bai karya doka ba.

Ta ina kuskure yake shigowa?

Ba a ƙera manyan motoci iri ɗaya kamar yadda ake buga bulo. Mai saye ne yake zaɓa: irin aksul ɗin da yake so, irin sifirin, irin taya. Kamfanoni irin su Mack, Volvo, Freightliner, Kenworth, Peterbilt da International suna haɗa kowace mota bisa oda, kuma kwamfuta ce take lissafa lambar da za a buga. Idan aka shigar da bayanin wani sashe ba daidai ba, ko aka canja irin taya ana cikin aiki ba a sabunta lissafi ba, duk motocin da suka biyo ta wannan layi za su fito da lambar da ba tasu ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙira a matakai. Sau da yawa kamfani ɗaya ne yake yin kai da shasi, wani kuma ya ɗora bodin tifa, tanki ko injin kwaɓa kankare. Dokar Amurka ta ɗora wa wanda ya ƙarasa aikin nauyin liƙa takarda ta ƙarshe. Inda hannu ya yi yawa, nan kuskure yake samun ƙofa. Wani lokaci kuma ƙaramin abu ne: an musanya lambar gaba da ta baya, an juya laba zuwa kilo ba daidai ba, ko an liƙa wa wata mota takardar 'yar'uwarta.

Me lamba ɗaya za ta iya jawowa?

Na farko, taya. Tayar da aka ɗora wa nauyi fiye da ƙarfinta, ko wadda iskarta ta gaza, tana lanƙwasawa fiye da ƙima yayin da take juyawa. Lanƙwasawar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da wayar da ke ciki, har ta fashe. Idan ta gaba ce ta fashe mota tana gudu, sitiyari yakan ƙwace daga hannun direba. Amurka ta ga yadda matsalar taya take cin rai a shekarar 2000, lokacin da aka yi kiranyen tayoyin Firestone miliyan 6.5, wanda ya sa majalisar ƙasar ta tsaurara doka a wannan shekarar.

Na biyu, birki. Aikin birki shi ne mayar da gudun mota zuwa zafi. Gwargwadon nauyi, gwargwadon zafin. A doguwar gangara, birkin da ya yi zafi ainun yakan daina kamawa, direba ya taka ya ji ba komai.

Na uku, sifirin, rim da shasi. Waɗannan ba sa karyewa rana ɗaya. Sukan fara tsagewa a hankali, sai ranar da aka faɗa rami su bari.

Na huɗu, hanya kanta. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a garin Ottawa na jihar Illinois, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan tituna ana auna lalacewarsu. Abin da aka gano shi ne, idan nauyin aksul ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Ƙarin kashi 20 cikin 100 kaɗai yana ninka ɓarnar kusan sau biyu.

Sai dai kuskure ba duka ɗaya ba ne. Idan lambar da aka buga ta fi ƙarfin motar, haɗari ne kai tsaye. Idan kuwa ta gaza ƙarfin motar, mai ita ne kawai yake asarar ɗan lodi. A irin wannan hali doka ta ba kamfani damar roƙon hukuma ta yafe masa kiranye, bisa hujjar cewa kuskuren ba ya taɓa lafiyar kowa. Hukuma takan buga roƙon, ta ba jama'a dama su yi magana, sannan ta yanke hukunci.

Yadda ake gudanar da kiranyen

Daga ranar da kamfani ya tabbatar akwai matsala, yana da kwanakin aiki 5 ya sanar da hukuma a rubuce: waɗanne motoci ne, guda nawa, mene ne haɗarin, yaya za a gyara. Cikin kwana 60 kuma dole ya aika wa masu motocin wasiƙa. Dillalai ba su da izinin miƙa wa mai saye sabuwar motar da abin ya shafa sai an gyara ta. Kamfanin yakan ci gaba da ba hukuma rahoton adadin motocin da aka gyara.

Gyaran kansa sau da yawa ba ya ɗaukar lokaci. A cire tsohuwar takarda a liƙa sabuwa, ko a aika wa mai motar ta gidan waya ya liƙa da kansa. Idan kuma takardar ce daidai amma tayoyin ko wani sashe ne bai kai ba, sai a canja sashen. Tun bayan gyaran doka na 2015, wajibcin gyara kyauta ya shafi motocin da ba su wuce shekara 15 da sayarwa ta farko ba. Kafin nan shekara 10 ne.

To, ina ruwanmu da dokar Amurka?

Ruwanmu a ciki yana da yawa, domin wasu daga cikin tireloli, tankoki da tifofin da ke bin hanyoyinmu a can suka fara aiki kafin a kawo su a matsayin na hannu. Mack dai ba baƙuwa ba ce a kowace tashar manyan motoci. Wasiƙar kiranye kuwa tana bin adireshin da ke cikin rajistar motoci ta jihohin Amurka. Motar da ta haye teku ta iso Kano, Jos ko Maraɗi, wasiƙar ba za ta biyo ta ba. In an yi mata kiranye bayan ta baro can, da wuya mai ita ya taɓa ji.

Bayan haka, a wurinmu akwai hanyoyin da takarda mai gaskiya take zama ƙarya bayan mota ta iso. Akan kai ta wurin masu walda a ƙara wa bodi tsawo da tsayi. Akan ƙara ganyen sifirin don kada ta zauna idan an yi lodi. Akan sa tayoyin gwanjo waɗanda ba su kai na asali ƙarfi ba. Mai fenti kuma ya bi ta kan takardar ya shafe. Ƙarin sifirin yana hana mota nuna gajiyarta, amma bai ƙara wa taya ko birki ƙarfin komai ba. Bodin da aka ƙara ma nauyi ne, kuma daga cikin kason kaya yake ci.

Mu yi ɗan lissafi. A manyan titunan tarayya na Amurka, iyakar tirela da kayanta gaba ɗaya laba 80,000 ce, kusan tan 36. Kai da bodi babu kaya sukan kai wajen tan 15. A nan kuwa buhun siminti 600 tan 30 ne, buhu 900 tan 45, kafin a haɗa da nauyin motar. Duk wanda ya san gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos ya san abin da irin wannan nauyi yake nema daga birki.

A lura kuma, iyaka biyu ce. Akwai ta kamfani, wadda ke kan takarda, akwai ta dokar hanya. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take cikinta, ta kafa dokar nauyin aksul a 2005, ECOWAS kuma ta yi tata a 2012. Lambar da aka fi sani a cikinsu ita ce tan 11.5 a kan aksul guda. Wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin ta kamfani da ta doka, ita ce abin bi.

Abin da za mu iya yi

Wannan ya shafi direbobi, masu motoci, ƙungiyoyin manoma, zumuntar mata, da kwamitocin da kan ɗauki hayar mota domin kai kayan agaji ƙauyuka.

1. A nemi takardar. A buɗe ƙofar direba a duba ginshiƙi da gefen ƙofar. A bodin tirela ƙirar Amurka, tana can gefen hagu ta wajen gaba. Motocin Turai irin su DAF, MAN da Mercedes suna da farantin ƙarfe mai lambobi a jere da kilo: nauyin motar da kaya, nauyinta haɗe da abin da take ja, sannan na kowane aksul.

2. A cire nauyin motar. A ce iyakar mota kilo 15,000 ce, ita kanta da mai da ma'aikata kilo 7,000. Saura kilo 8,000, wato buhun masara 80 masu kilo 100, ko buhun taki 160 masu kilo 50. Inda akwai sikelin manyan motoci, a auna ta babu kaya ko da sau ɗaya ne, a rubuta a ajiye.

3. A gwada takarda da taya. A jikin kowace taya an rubuta ƙarfinta. Idan aka ga 152/148, ma'anarsa kilo 3,550 idan ita kaɗai ce, kilo 3,150 idan tagwaye ne. Idan 156/150 ne, kilo 4,000 da kilo 3,350. A haɗa na tayoyin da ke aksul guda. In jimlar ta gaza abin da takarda ta ce, maganar taya za a bi. Wannan ɗan lissafi yana iya tona kuskuren da ya wuce wa kamfani.

4. A duba shekarun taya. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekara: 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. A auna iska da safe kafin a tashi, da ma'auni, ba da bugun ƙarfe ba.

5. A binciki lambar shasi. Tun 1981 tana da haruffa da lambobi 17. Wadda ta fara da 1, 4 ko 5 a Amurka aka ƙera ta. Tun 2014 hukumar NHTSA ta buɗe wurin bincike kyauta a shafinta na intanet. Ana iya nema da lambar shasi, ko da sunan mota da shekararta. Tsofaffin kiranye da na wasu kamfanoni ba lallai su fito ta lambar shasi ba, don haka a gwada hanyoyin biyu.

6. A raba kaya daidai. Mota tana iya kasancewa a cikin iyakarta gaba ɗaya, amma aksul ɗaya ya wuce tasa domin an tara kaya gefe guda. Masu nauyi a ƙasa, masu sauƙi a sama.

7. Kada a ɗora mutane a kan lodi. Mutum 30 masu kilo 60 sun kusa tan 2, kuma a can sama suke, inda suke ƙara wa mota saurin kifewa a kwana.

8. Masu haya su daina matsa wa direba. Sau da yawa mu ne muke cewa a ƙara buhu goma don kada a biya sahu na biyu. A yi ciniki a kan adadin buhu tun farko, a rubuta. Kuɗin sahu biyu bai kai asarar hatsin gari guda a bakin rami ba, balle ran direba da yaransa.

Kammalawa

Idan haɗari ya faru mukan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tayar da ta fashe da birkin da ya ƙi kamawa suna da dalili, kuma sau da yawa tun a wurin lodi aka shuka shi. A Amurka ana bin motoci gida-gida saboda lambar da ta kauce da 'yan ɗaruruwan kilo. A wurinmu babu wasiƙar da za ta zo, don haka aikin dubawa ya dawo hannun mai mota, direba da mai haya.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan bayani a taronsu na gaba, su kuma miƙa shi ga direbobin da suke hulɗa da su. Kafin a ɗora buhu na farko, a buɗe ƙofa a karanta takarda, a sunkuya a karanta taya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.